Gwaggo Ta Bi Ta Ƙofar Baya

Tsoron ya shige ni ne lokacin da likita ya ɗaga hoton ƙirjin Gwaggo, ya kara shi da hasken taga, ya daɗe yana kallo. Ya sauke hoton, ya goge tabaransa da gefen riga, ya sake ɗagawa. Sai ya sa bakin biro a kan wani farin tabo da bai wuce girman ƙwallon dabino ba, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar biron nan.

Ita kuwa mai ƙirjin ko a jikinta. Tana zaune a bakin gadon gwaji, hankalinta duk yana kan zanin gadon da aka shimfiɗa a karkace. Ina kallo ta sa yatsa biyu ta ja kusurwar, ta cusa ta ƙarƙashin katifa.

"Mama, kina ji na?" in ji likita.

"Ina jin ka, ɗan nan. Wa ke muku shimfiɗa a nan?"

Bai yi dariya ba. Ya juyo wajena ya ce ba su da kayan aikin da za su san ko mene ne tabon. Sai mun je babban asibiti a babban birni, inda za a zura siririn bututu a gutsuro ɗan abin a auna. Ya yi waya a gabanmu, ya samo mana ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, kada ta ci komai. Mutum goma kawai suke ɗauka a rana, kuma wanda ya makara sai ya jira wata uku.

"Wata ukun nan ba mu da shi," ya ce, yana kallona ni kaɗai.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana gyaran ɗakuna a otal, ɗaki goma sha huɗu kowace rana. Ta cire zanin gado, ta shimfiɗa sabo, ta wanke banɗaki da bilic a ɗakin da ba taga, ta fito tana tari, ta shiga na gaba. Abokan aikinta Tsohon Hannu suke kiran ta. Da wannan aikin ta sa ni makaranta har na gama jami'a bara, na karanta tsarin birane. Tun ranar da na kawo takardar shaida gida ta daina kiran sunana, sai Digiri.

"Digiri, zo ki kashe mana ƙadangaren nan da iliminki."

Mace ce da ba ta shiga ɗaki ta fita ba ta karanta shi ba. Takan ce daga yadda mutum ya bar tawul take sanin ko yana da uwa a raye. Ta san baƙon da ya kwana da damuwa, don gefe ɗaya na gadon ne kawai yake lotsawa, filo kuma a murɗe. Ta san wanda bai kwanta ba sam. Ina yarinya na sha duka a kan shimfiɗa fiye da a kan karatu. Tarin ne ya sa ta ajiye aiki shekara biyu da suka wuce. Da farko sai ta hau bene take haki, daga baya ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta dafe gwiwa.

Abu ɗaya ne ban taɓa tunani a kai ba sai a wancan satin: duk gadajen da ta shimfiɗa a rayuwarta, ba ta taɓa kwana a ko ɗaya ba. Na ƙudurta a raina wannan karon za ta kwana a ɗaki irin wanda ta yi shekaru tana gyara wa wasu. Ina ganin ma dalilin da ya sa na maƙale wa maganar masauki ke nan. Tabon ba abin da zan iya yi masa. Otal kuwa zan iya zaɓa.

Kwana uku na yi kaina a sunkuye kan waya. A shagon buga takardu inda nake ɗan taɓa aiki kafin in samu na gaske, sau biyu na buga wa mutum shafi a juye. Na raba birnin unguwa-unguwa a takarda. Unguwar tasha, hayaniya da hayaƙi, na soke. Unguwar kasuwa, ba a shiga ba a fita, na soke. Unguwar masu hali, shiru da bishiyoyi, amma nesa. Akwai wata a bayan asibitin da taswira ta nuna kamar tarin akwatunan ashana, ko otal ɗaya ba a rubuta a cikinta ba, ban ma tsaya kallonta ba. Daga ƙarshe na samu abin da nake so: otal mai hawa shida a bakin kogi, tauraro huɗu, farin gado, labule har ƙasa. Na auna da ma'aunin taswira sau biyar. Kilomita biyu tsakaninsa da ƙofar asibiti. Na kama ɗaki a hawa na biyar don ta ga ruwa ta taga.

Na kai mata wayar ina jin kaina. Ta riƙe ta nesa da ido, ta ɗan jima tana kallo.

"Wannan gadon an shimfiɗa shi ne don mai hoto. Ina hoton ƙofar baya?"

"Gwaggo, wa ke sa hoton ƙofar baya?"

"To ina suke shanya?"

"Ban sani ba."

"Masu sharar asibitin fa, a wace unguwa suke kwana?"

"Haba Gwaggo! Me ya haɗa mu da masu shara? Kilomita biyu ne fa. Shekara huɗu na yi ina karanta taswira."

Ta miƙo min wayar. "Allah ya ba da sa'a, Digiri. Ni dai rakiya ce tawa."

Ranar Laraba muka tashi da sassafe. A mota ban iya zama wuri ɗaya ba. In taɓa jaka in ji takardar likita tana nan, in buɗe in duba ranar, in rufe, bayan minti goma in sake. Duk tarin da ta yi sai na ƙirga. Har matar da ke kusa da mu ta ce, "Baiwar Allah, ke ce marar lafiyar ko ita?"

Mun sauka wajen ƙarfe biyu na rana, muka ɗauki tasi. Direban dattijo ne mai surutu. Da muka biyo bakin kogi ya nuna wani dogon farin gini a ɗaya tsallaken.

"Ga babban asibiti can."

Na ji sanyi a raina. Kusa ne, har tagoginsa ana gani. Na ce masa gobe da safe can za mu, in zai zo ya ɗauke mu shida da rabi.

Ya kalle ni ta madubi. "Shida da rabi, ki isa ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

"Ƙanwata, sai dai in fiffike za ki saya wa Mama. Ƙaramar gadar nan da kike gani wata takwas ke nan a rufe, gyara ake yi. Kowa sai ya zagaya ta babbar gada. Da safe kuma duk garin nan can yake tsallakawa, har da awaki. Na taɓa ɗaukar mai naƙuda daga nan, a kan gada aka yi suna."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Na buɗe taswira, ga gadar nan a zane lafiya ƙalau, shuɗin layi ya bi ta kanta. Na dubi Gwaggo. Taga take kallo.

Na ce a raina ba komai, sai mu fita tun ƙarfe huɗu. Da wannan na lallashi kaina har muka shiga otal ɗin. Ƙofar gilashi, ƙasa na sheƙi, ga wani ƙamshi mai nauyi da ya tare mu tun daga bakin ƙofa. Taku uku Gwaggo ta yi tari ya sarƙe ta. Ta dafa kujera, ta yi ta yi har hawaye suka zubo. Da ya lafa ta jawo hannuna ta yi ƙasa da murya.

"Wurin da ya sha turare haka, akwai abin da yake rufewa."

Saurayin da ke karɓar baƙi ya ba ni mabuɗi da murmushi. Na juya wajen lifta, sai ga takarda manne a jiki: a yi haƙuri, ana gyara.

"Yaushe za a gama?" na tambaye shi.

"Ai mai gyaran yana hanya, ranki ya daɗe."

"Ba ku da ɗaki a ƙasa?"

"Ƙasa duk ofisoshi ne da wurin cin abinci. Amma matakalar ba wuya."

Na leƙa matakalar. Hawa biyar, ga matar da tsakar gida ke gagararta. Na tsaya ina ta danna waya, ina neman wani otal, kowanne na buɗe sai in ga farin gado iri ɗaya da labule iri ɗaya. Da na ɗago, kujerar da na bar Gwaggo ba kowa.

Na fita titi da gudu. Na duba dama, na duba hagu. Can na hango gefen mayafinta yana shigewa wani lungu a jikin ginin, inda manyan kwandunan shara suke. Na bi ta. Lungun ya kai ni wata ƙofar ƙarfe a buɗe, tururi na fitowa. A ciki wata mata ce mai ƙiba, ta ɗaure ƙugu, tana ninke zannuwan gado a kan dogon tebur. Gwaggo ba ta ko gabatar da kanta ba. Sallama ta yi, ta kama ɗaya bakin zanin, suka ja tare, suka haɗa kusurwa da kusurwa, suka ninke uku. Matar ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa.

"Inna, a ina kika yi aiki?"

"Inda duk aka bar gado a hargitse. Shekara ashirin da bakwai."

"Kai! Sannu da ƙoƙari. Ni sha ɗaya, ga bayana har ya fara magana."

Gwaggo ta kai zanin hancinta. "Ba ya ganin rana."

"Wace rana? A ɗakin injin muke bazawa. Hawa na huɗu da na biyar kuwa bango har gashi yake fitarwa don danshi. Kullum sai mun fesa turare kafin baƙo ya shiga."

"Liftar fa?"

Matar ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Mai gyara yana hanya, ko? Tun ina da cikin autana yake hanya, yaron yanzu yana rarrafe."

Sai a lokacin ta lura da ni a bakin ƙofa. Gwaggo ta ce, "'Yata ce. Digiri gare ta, a kan birane." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sannan ta yi mata tambayar da ta yi min a gida: masu sharar asibiti a ina suke kwana? Matar ta ce ai ƙanwar mijinta can take aiki. Dukkansu a unguwar bayan asibiti suke, don ƙarfe shida ake son su a bakin aiki, kuma albashinsu ba ya ɗaukar mota. Da ƙafa suke shiga, ta wata ƙaramar ƙofa a katangar baya. A layin ma akwai wani gida mai ɗakuna takwas, duk a ƙasa, inda masu jinya ke sauka. Ba shi da allo. Ta ciro waya daga ƙugunta ta kira, ta yi magana minti biyu, ta ce saura ɗaki ɗaya, mu yi sauri.

A lungun na tsaya na yi gardama ta ƙarshe, ban san ma me ya sa ba.

"Gwaggo, wurin nan ko a taswira babu shi. Ba wanda ya rubuta komai a kansa. In ba tsaro fa? In ƙazanta ce fa? Ni so na yi ki kwana wuri mai kyau, sau ɗaya dai a rayuwarki."

Ta tsaya ta mai da numfashi kafin ta amsa. "Na sani, 'yar nan. Tun a gida na sani. Amma ni ba kallon ruwa na zo ba. Wanda dole ya isa wuri kullum kafin kowa, kuma ba shi da mota, shi ya san kusa. Mayar musu da mabuɗinsu."

Ƙarfe uku da kwata muka hau wata tasi. Na sa ido a agogo. Kafin mu hau babbar gada huɗu ta wuce. A kan gadar motoci suka tsaya cik, masu talla na yawo a tsakani, hayaƙi na shigowa, na rufe gilashi zafi ya dame ta, na buɗe tari ya taso. Asibitin yana gefenmu, fari tas, kamar in miƙa hannu in taɓa. Biyar da rabi ta gota muka sauka. Direban ya ce wannan ai da sauƙi, mu zo mu ga safiya.

Gidan ba abin da zan ɗauka a hoto. Ƙofa kore da fenti ya ɓare, tsakar gida da siminti, igiyoyi huɗu cike da fararen zannuwa suna kaɗawa. Gwaggo ta tsaya a gabansu kamar ta ga dangi. Wata tsohuwa siririya mai kula da wurin ta buɗe mana ɗaki na uku. Ni na shiga ina neman abin kushewa. Gwaggo ta shiga aiki. Ta ɗaga kusurwar katifa ta bi ɗinkin da farce, ko akwai kuɗin cizo. Ta cire rigar filo ta shinshina filon kansa. Ta shafa bango ta bayan gado. Ta buɗe famfo ta bar shi ya zuba, ta buɗe taga ta ga tana rufuwa. Tsohuwar na tsaye ta harɗe hannu.

"In kin gama, ki ba ni maki."

"Kusurwar hagu ta ɗan saki," in ji Gwaggo. "Amma zanin ya sha rana. Mun kama."

"Ji min mata! Baƙuwa da sharrin ido."

Suka yi dariya tare. Da tsohuwar ta fita, Gwaggo ta zauna a bakin gadon, ta daɗe ba ta kwanta ba. Sannan ta cire takalmi, ta miƙe a hankali, ta haɗa hannuwa a kan ciki tana kallon rufi.

"Ashe haka suke ji," ta ce. "Digiri, kashe fankar nan, ki daina zagaye ɗaki kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Na saita ƙararrawar waya har guda huɗu. Ba a buƙaci ko ɗaya ba. Shida saura kwata aka ƙwanƙwasa ƙofa: ƙanwar mijin mai wankin ce, sanye da shuɗiyar rigar aiki, ta ce an ce ta biyo mana. Na fito da jaka, na juya ban ga Gwaggo a bayana ba. Na koma, na tarar ta cire zanin gadon da rigar filo, ta ninke, ta ɗora tawul a kai, ta ajiye a ƙarshen katifa.

"Gwaggo, don Allah! Lokaci!"

"Minti ɗaya ne. Wadda za ta zo bayana ba baiwar kowa ba ce."

Layin ya cika da mata masu shuɗiyar riga, kowa na sauri, suna gaisawa ba tsayawa. Muka bi su. Sau biyu Gwaggo ta tsaya ta dafa katanga, sau biyu zuciyata ta tsaya tare da ita. A ƙaramar ƙofar mai gadi ya buɗe baki zai yi magana, mai rakiyarmu ta ce, "Innata ce, ɗakin gwajin huhu za ta," ya matsa. Ta shiga wani lungu ta fito da keken marasa lafiya, ta tura Gwaggo da kanta ta wasu hanyoyi da ba zan iya sake bi ba. Shida da minti goma muna gaban ɗakin. Mu ne na uku.

Bakwai da rabi aka shiga da ita. Na zauna, na tashi, na karanta duk takardun da ke bango har da na kashe gobara. Wajen tara saura wani mutum ya iso da gudu, rigarsa jiƙe da gumi, yana riƙe da hannun mahaifinsa. Ya ce tun biyar suka fito, daga tsallaken kogi, gada ce ta riƙe su. Nas ta duba littafinta ta ce an rufe, mutum goma sun cika, ya je ofis a ba shi wata rana. Ya roƙa, ya rantse, ya nuna mata takarda. Tsohon dai yana tsaye yana haki, irin hakin da na sani. Na kasa kallonsu. Na shiga banɗaki na yi kuka, kuma har yanzu ban san ko na tausayinsu ba ne ko na kaina.

An fito da ita goma ta wuce, muryarta a dishe, idonta a lumshe. Abin da ta fara cewa shi ne gadon ciki ma a karkace aka shimfiɗa shi. Likitar wurin, wata mata mai gajeren bayani, ta ce sun samu abin da suke nema, za a auna, za su kira lambata cikin kwana goma. Na tambaye ta me take gani. Ta ce ba ta gani sai an auna.

Mun dawo gida ranar Juma'a. Gwaggo ta koma zamanta a bakin ƙofa, tana ba maƙwabta labarin ta kwana a masauki an yi mata shimfiɗa, har ta ba da maki. Ni na koma shago. Wayar tana aljihuna, na ƙure mata ƙara, ko wanka zan shiga sai na ɗora ta a kan taga. Jiya wani ya kira, lambar da ban sani ba, na kusa yar da takardun mutane, ashe kuskuren lamba ne. Na goge taswirar daga wayar, na sake saukewa, na duba: har yanzu shuɗin layin yana bi ta kan gadar da ke rufe.

Da safen nan na same ta tana gyara min gadona, tana hutawa bayan kowace kusurwa. Na ce ta bari. Ta ce in na iya, da ba ta taɓa ba.

Yau kwana bakwai ke nan. Ba su kira ba tukuna.